DALLA-DALLA: Yadda mai ƙaramin ƙarfi zai sa tayil a Dutsin-Ma da Kurfi ba tare da ya yi aiki biyu ba

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma a 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, harkar gidaje ta sauya a garin. Ɗalibai da ma'aikata sun ƙaru a kan waɗanda Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ke kawowa, ga kuma iyalan da matsalar tsaro ta raba da ƙauyukansu suka shigo gari. Ɗaki ya yi daraja, kuma wanda aka shimfiɗa wa tayil ya fi ɗan'uwansa kuɗin haya. A Kurfi ma, da ke kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, saurayin da ke gyaran ɗakin aure ya san cewa ƙasan ɗakin na cikin abin da dangin amarya za su fara dubawa ranar jere.

Sai dai tayil aiki ne da ba ya karɓar gyara cikin sauƙi. Fenti idan ya ɓaci sai a sake shafawa, amma tayil idan ya ɓaci sai an farfasa, an sake sayen siminti da yashi, an sake biyan mai aiki. Kuma mafi yawan asarar da masu ƙaramin ƙarfi ke tafkawa daga abin da ke ƙarƙashin tayil ɗin take tasowa, wato wurin da ido ba ya gani, inda aka fi yin tsimi. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata mai gyaran ɗaki ya sani kafin ya fitar da ko sisi, da kuma dalilan da suka sa kayan ke da tsada a jihar da ke da ma'adinin yin su.

Daga daɓe zuwa tayil

Kafin zuwan siminti, daɓe ne ƙasan ɗakin Bahaushe. Mata ke taruwa da madaɓai su daddaɓe ƙasa da tsakuwa suna waƙa, a riƙa yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasan ta yi tauri ta yi sheƙi. Daga baya siminti ya karɓe, aka zo ana shimfiɗa masa leda ko kafet, waɗanda a al'ada suna cikin kayan ɗakin da iyayen amarya ke kawowa. Tayil ya sauya wannan rabon nauyi, domin shi ɓangaren gini ne, don haka a wuyan ango ko mai gida yake.

Akwai wani bincike da ya dace mai lissafin kuɗi ya sani. A ƙasar Meziko, gwamnati ta gudanar da wani shiri mai suna Piso Firme, inda aka riƙa zuba siminti a gidajen talakawa masu ƙasan turɓaya. Binciken da masana tattalin arziki suka wallafa a 2009 ya nuna cewa inda aka rufe ƙasan gida gaba ɗaya da siminti, kamuwar ƙananan yara da tsutsar ciki ta ragu da kashi 78 cikin 100, gudawa kuma ta ragu da kashi 49 cikin 100. Siminti zalla aka zuba, ba tayil ba. Ke nan babbar ribar lafiya tana samuwa ne tun daga rufe turɓaya. Abin da tayil ke ƙarawa shi ne sauƙin wanki da goge ƙurar hunturu, da sanyi lokacin bazara, da daɗewa. Wanda kuɗinsa ba su kai ba, ya zuba siminti mai kyau a bana ya jira baɗi, bai yi asarar komai ba, domin a kan wannan simintin za a ɗora tayil ɗin.

Ire-iren tayil

Ana yin tayil ne da yumɓu da farar ƙasa da yashi da wasu ma'adinai. A niƙa su, a matse su da injin, a shafa wa fuskar ruwan gilashi, sannan a gasa a wutar da zafinta ya haura digiri 1,000. Abin da ke bambanta wani da wani shi ne yawan ruwan da jikinsa ke sha. A ƙa'idar duniya ta ISO 13006, wanda ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa shi ake kira fosilin, kuma ya fi ƙarfi da tsada. Wanda ake kira siramik ya fi shi shan ruwa, ya fi sauƙin yanka, ya fi araha, kuma ya wadatar a ɗakin kwana da falo. Wanda ke shan fiye da kashi 10 cikin 100 na bango ne. Kuskure ne babba a shimfiɗa tayil ɗin bango a ƙasa don an ga ya fi araha, domin ƙafar gado kaɗai ta isa ta fasa shi.

Ana iya gwadawa a shago. A kifa tayil, a ɗiga ruwa a bayansa. Idan ya shanye nan take, mai yawan sha ne. Idan ruwan ya tsaya, jikinsa a matse yake.

Wasu kamfanonin kan buga harufan PEI a jikin kwali tare da lamba daga 1 zuwa 5, wadda ke nuna juriyar fuskar tayil ga gogayya. A yankin da takalmi ke shigo da yashi kullum, bai kamata a sauka ƙasa da 3 a cikin ɗaki ba, zaure da shago kuwa 4 ya fi dacewa da su.

Sai batun santsi. Tayil mai ƙyalli yana ɗaukar ido a shago, amma kyan ɗan maciji ne a banɗaki da wurin alwala da baranda. Gidan da ke da tsofaffi ko mai juna biyu ko yara, mai kaushi ya kamata a sa a duk inda ruwa ke taɓawa. Haka nan a tuna tayil yana da sanyi ƙwarai a watannin Disamba da Janairu, don haka tabarma ko darduma ba su tashi aiki ba.

Yadda ake lissafi

Farashi yana sauyawa daga mako zuwa mako, don haka lissafin da ke da amfani shi ne na yawan kwali da buhu. Da shi a hannu, duk ranar da aka je kasuwa sai a ninka da farashin ranar.

A ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, wanda shi ne ma'aunin da magina suka fi sabawa da shi. Faɗin ƙasansa murabba'in mita 13.4 ne. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama kusan 14.7. Tayil mai santimita 40 da 40 yawanci guda 12 ne a kwali, wato murabba'in mita 1.92, don haka kwali 8 ake buƙata. Idan za a zagaye gindin bango da tayil mai tsayin santimita 10, abin da masu sana'ar ke kira sikatin, zai ci kusan guda 9 zuwa 10, sai a ƙara kwali ɗaya ya zama 9. Idan kuwa mai santimita 60 da 60 ne, wanda yawanci guda 4 ne a kwali, murabba'in mita 1.44, ƙasan kaɗai zai ci kwali 11. Adadin da ke cikin kwali yakan bambanta tsakanin kamfanoni, saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

Siminti ya danganta da kaurin kwaɓin da za a shimfiɗa. Idan ƙasan a daidaice take, kaurin bai wuce santimita 3 ba, kuma an haɗa awo ɗaya na siminti da awo huɗu na yashi, buhu 3 zuwa 4 zai isa wannan ɗaki. Idan ƙasan tana da kwari da tudu har kaurin ya kai santimita 5, sai buhu 5 ko 6. A nan kasafin mutane da yawa ke rushewa, domin sun lissafa kwali sun manta da buhu. Bayan waɗannan akwai yashi mai kaifi, da ruwa, da garin cike tsakani ko farin siminti, da kuɗin mota, da ladan mai aiki, wanda ya fi kyau a yanke shi a kan murabba'in mita maimakon a yi jinga da ka.

Nauyi ma abin lura ne. Kwali 9 na wannan tayil yakan kai kilo 250 zuwa 300. Wanda ya ga araha a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a shagunan cikin Katsina da ke da nisan kimanin kilomita 60 daga Dutsin-Ma, ya haɗa da kuɗin dako da na mota da abin da zai fashe a hanya kafin ya yanke hukunci. Ga mai ɗaki ɗaya, sau da yawa bambancin yakan narke a hanya. Inda ake samun rangwame na gaske shi ne mutum uku ko huɗu su haɗa sayayya su ɗauki mota ɗaya. Kuma a tsaye ake jera tayil a mota, a matse shi, ba a kwance ba.

Abin da ke ƙarƙashi

Tayil ba ya lanƙwasa. Duk motsin da ƙasa ta yi a ƙarƙashinsa, tsagewa yake yi. Don haka kafin a sayi ko kwali ɗaya, sai a duba abu uku.

Na farko, ƙarfin ƙasan. A bi tsohon simintin ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙarar ganga, akwai rami a ƙasa, ko cikon ya zauna ko gara ta yi aiki. Sai an fasa wurin, an cike, an daddaɓe, an sa maganin gara, an sake zubawa. Ba a ɗora tayil kai-tsaye a kan daɓe ko turɓaya. Sai an zuba kankare, kuma sabon kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa.

Na biyu, danshi. Ɗakin da gindin bangonsa ke jiƙewa a watan Agusta, ko yake fitar da farin gishiri, yana shan ruwa ne daga ƙasa. Tayil ba ya maganin wannan. Abin da yake yi shi ne toshe wa danshin hanya, sai ya haura bango ya kumbura fenti. Akwai gwaji mai sauƙi: a manna leda a ƙasan ɗakin, a liƙe gefunanta, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan ta yi gumi ta ciki, sai a fara da gyaran magudanar ruwan tsakar gida da indararo, kuma a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba sabon kankare.

Na uku, tsayi. Kwaɓi da tayil za su ɗaga ƙasan ɗaki da santimita 4 zuwa 6. A auna ƙofa tun da wuri, domin ƙofar ƙarfe idan ta ƙi buɗuwa sai an kira mai walda. Banɗaki kuwa ya kasance ƙasa da ɗaki, da gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa bakin rariya.

A wurin saye

Kamfani ɗaya, zane ɗaya, amma gashi daban-daban yakan fito da launi da girma masu ɗan bambanci. Shi ya sa ake buga lambar rukuni a jikin kwali. A tabbata duk kwalayen lambarsu ɗaya, kuma a saye su a lokaci guda. Mai tara kwali biyu a wannan wata, biyu a wata mai zuwa, yakan ƙare da ɗaki mai launi uku. Idan tari za a yi, gara a tara kuɗin ta hanyar adashi, ko a fara da sayen yashi, a bar tayil sai kuɗinsa sun cika. Siminti kuwa ba a tara shi da daɗewa, domin yana sandarewa.

A buɗe kwali biyu ko uku a gaban mai shago. A haɗa tayil biyu fuska da fuska: idan suna rawa ko haske na ratsa tsakaninsu, a karkace suke. A jera huɗu a ƙasa a ga ko kusurwoyinsu sun haɗu. Akwai tayil mai daraja ta biyu, wanda kamfani ya ware saboda ɗan tabo ko bambancin girma. Halal ne a sayar da shi idan an faɗa wa mai saye, kuma yana da amfani a sito ko ɗakin girki, amma ba a farashin na ɗaya ba. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan kamfani da girma da yawan kwali, a kuma yi magana a kan mayar da wanda ba a buɗe ba. Hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya a Najeriya, hukumar FCCPC kuma ke karɓar koken masu saye, amma duk wani koke da rasit yake farawa.

Ranar aiki

Kafin a ba mutum aiki, a je a ga ɗakin da ya yi shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Ranar aikin kuma mai gida ya tsaya.

Tayil ɗin siramik da za a sa da siminti ana jiƙa shi a ruwa tukuna, don kada ya zuƙe ruwan kwaɓin ya hana shi kamawa. Fosilin kuwa, da yake ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, sai da gam ɗin tayil, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun farko. Kwaɓin ya cika bayan tayil gaba ɗaya. Masu gaggawa kan ɗora dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su danna. Duk inda babu siminti a ƙasa, nan zai fashe.

A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, da ɗan sarari a jikin bango wanda sikatin zai rufe. Mutane da yawa sun fi son a matse su kamar ba a haɗa ba, amma a yankin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan dare ya yi sanyi da hunturu, kayan gini suna buɗewa suna tsukewa. Tayil ɗin da bai da wurin motsi shi ne wanda ake jin ya yi ƙara da tsakar dare, a wayi gari ya tashi kamar rumfa.

Kada a taka sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, a bi kowane tayil da bakin makulli ana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙarar fanko a cire shi a sake. Yankan tayil a bushe yana tayar da ƙurar da ke illa ga huhu, don haka a yanka a waje, da ruwa, mai yankan ya rufe hanci. Wajen wanki kuma a guji asid mai ƙarfi, domin yana cinye abin da aka cike tsakani da shi. A ƙarshe a ajiye guda huɗu ko biyar, saboda zanen da ake yayi bana ba lalle a same shi baɗi ba.

Inda ake ragewa

Araha ba ta ado, amma akwai tsimin da ba ya cutarwa. Ƙaramin tayil, mai 30 da 30 ko 40 da 40, ya fi babba sauƙin kuɗi, ya fi haƙuri da ƙasan da ba ta daidaita sosai ba, kuma ba a asarar da yawa wajen yanka. Shimfiɗa a miƙe ta fi ta karkace tsimin kaya. Zanen da aka daina yayi yakan faɗi a farashi alhali ƙarfinsa bai ragu ba. Launin ƙasa-ƙasa ya fi fari ko baƙi ɓoye ƙura. Za a iya yin ɗaki ɗaya a bana, a tsaya a bakin ƙofa. Fasassun tayil, da ake samu da arha a shaguna da wuraren gini, suna yin kyau a baranda da tsakar gida idan aka sami mai haƙurin jera su.

Inda ba a ragewa kuwa uku ne: siminti, gyaran ƙasa, da ƙwararren mai aiki.

Ɗan haya da mai gida

A garin da haya ta yi yawa kamar Dutsin-Ma, wannan na jawo saɓani. Duk abin da aka manne a jikin gini ya zama na ginin, ɗan haya ba zai ɓamɓare tayil ya tafi da shi ba. Wanda zai sa a gidan haya ya fara samun yardar mai gida a rubuce, da shaidu, a fayyace nawa za a cire daga kuɗin haya, da kuma tsawon lokacin da ba za a yi masa ƙari ba. In ba haka ba, zai gyara ɗaki da kuɗinsa, sannan a ƙara masa haya saboda ɗakin ya yi kyau. Ɗalibin da zai yi shekara ɗaya ko biyu, leda ta fi masa.

Me ya sa yake da tsada?

Chana ce ta fi kowace ƙasa yin tayil, sai irin su Indiya da Sifen da Italiya, kuma shekaru da dama daga can Najeriya ke shigo da shi. A watan Yunin 2015, Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya hana wa dala a farashin gwamnati, ciki har da tayil da siminti da kwanon rufi, da nufin a riƙa yin su a gida. Bankin ya janye wannan hani a watan Oktoban 2023, zamanin Olayemi Cardoso. A yau akwai masana'antu a cikin ƙasa, irin su West African Ceramics a Ajaokuta ta Jihar Kogi, da Goodwill a Igbesa da CDK a Sagamu, duka biyun a Jihar Ogun.

Yin sa a gida bai kare shi daga faɗuwar naira ba, domin injuna da kayan gyaransu da sinadaran fuskar tayil da dala ake sayo su. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira a watan Yuni, dalar da ake canzawa kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. A wannan watan ne buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da yawa, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka amince da farashin naira 7,000 zuwa 8,000. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, ko a wancan farashin na yarjejeniya, simintin ɗaki ɗaya ya kusa cinye rabin albashin wata, tun ba a zo kan tayil ba.

Mutumin Kurfi da Dutsin-Ma yana da ƙarin nauyi, wato nisa. Masana'antun sun taru ne inda bututun iskar gas ya kai, domin da gas ake gashi. Kowane kwali sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a tirela mai shan dizal kafin ya iso Katsina. Alhali kuwa Ƙanƙara, da ke gaba a kan wannan hanya da ta ratsa Kurfi da Dutsin-Ma, ta shahara da farar ƙasar da masana ke kira kawolin, ɗaya daga cikin kayan haɗin tayil. Ga kuma ruwan madatsar Zobe, da aka kammala tun 1983. Ma'adini kaɗai ba ya kafa masana'anta. Sai da makamashi da hanya da tsaro. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a ranar 30 ga Yuni, 2020, shi ne zai iya kusanto da wannan makamashi, amma an sha ɗage ranar kammala shi.

Waɗannan tambayoyi ne da matasan yankin ke da haƙƙin yi wa duk mai neman ƙuri'arsu: ina aka kwana a kan gas, wa ke haƙar farar ƙasar Ƙanƙara, kuma ina ake kai ta. Kafin amsar ta zo, abin da ke hannun mai gyaran ɗaki shi ne ya auna, ya lissafa buhu kafin kwali, ya gyara ƙasa kafin ya rufe ta, ya yi daidai ruwa daidai tsaki.